Yadda Ake Hana Gyangyaɗi a Ajin Lakca

Wanda ya fito daga sakandare ya saba da darasin minti 40, aji ɗan madaidaici, malami ya san sunan kowa. Da ya shigo jami'a ko kwaleji sai ya tarar da lakcar awa 2, a zauren da ya ɗauki ɗaruruwan ɗalibai, fankoki rabi ba sa juyawa, malami yana can ƙasa da lasifikar da ke shaƙewa. Kafin a yi minti 30 hamma ta fara, rubutu ya soma karkacewa daga kan layi, sai kai ya rinjayi wuya. Na zauna a irin waɗannan azuzuwa shekara da shekaru, kuma abin da na tabbatar shi ne yawancin barcin da ake yi a aji daga daren jiya aka ɗauko shi. Dabarun cikin aji suna da amfani, za mu zo kansu, amma ba sa riƙe wanda bai gyara darensa ba.

Kayan da za ka tanada

Gorar ruwa mai cin lita 1. In babu, ruwan leda biyu sun yi. Littafin rubutu na kowane kwas daban, da biro biyu, baƙi ko shuɗi da kuma ja. Jadawalin lakcocinka na mako a rubuce a takarda, ba a cikin waya kaɗai ba. Ƙararrawar tashi, ko ta waya ce. Gidan sauro. Ɗan abin taunawa da ba ya cika ciki: soyayyar gyaɗa, aya, dabino, ko cingam. Hankici ko ƙaramin tawul da za ka iya jiƙawa. In kana zaune a hostal mai hayaniya, ƙara da abin toshe kunne da wani ƙyalle mai duhu na rufe ido. Audugar kemis da tsohon rawani ko ɗankwali suna yin wannan aikin. Sai tabarau, ga wanda likita ya rubuta wa. Ɗalibai da yawa suna barinsa a ɗaki don kunya, alhali idon da ke wahala wajen hango allo shi ne ke fara rufewa.

1. Fara da gyara daren

Matashi mai shekara 18 zuwa 25 yana buƙatar barcin awa 7 zuwa 9. Dalilin a taƙaice: muddin kana farke, wani sinadari mai suna adenosin yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke sa ka jin nauyin ido, kuma barci ne kaɗai ke share shi. In ka yi awa 4, ka tashi da ragowarsa, da shi za ka shiga lakcar ƙarfe 8. Hausawa sun riga sun ce ba a cin bashin barci.

Ka yi lissafi daga baya. In sallar asuba ke tashinka ƙarfe 5, to ƙarfe 10 ya kamata ta same ka a kwance, in an matsa 10:30. Ka riƙe lokacin tashi guda ɗaya har Asabar da Lahadi, domin jiki yana da agogonsa, kuma lokacin tashi ne ke saita shi fiye da lokacin kwanciya.

Abubuwa uku ne suka fi cinye daren ɗalibi. Na farko waya. Ka sa ta caji nesa da shimfiɗarka minti 30 zuwa awa 1 kafin kwanciya. Haskenta yana jinkirta barci, amma hirar WhatsApp da bidiyon TikTok sun fi hasken ɓarna, don ba su da ƙarshe. Na biyu wuta. Idan aka kawo ta ƙarfe 11 na dare, ɗaki gaba ɗaya kan tashi, mai guga na guga, mai girki na girki. Ku zauna da 'yan ɗakinku tun farkon zangon karatu ku yi yarjejeniya a kan lokacin kashe fitila. Wannan maganar tana da nauyin faɗa, na sani, amma ta fi sauƙi a makon farko fiye da bayan an ɓata da juna. Na uku karatun dare har asuba, wanda ɗalibai ke kira TDB. Ina adawa da shi ƙwarai a ranakun da ake da lakca. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke daddale abin da aka karanta, saboda haka mai kwana a aji yana asara biyu: abin da ya karanta bai zauna ba, lakcar gobe kuma ta wuce shi yana gyangyaɗi. In dole sai ka yi karatun dare, ka yi daga bayan isha'i zuwa 10:30, ko ka kwanta da wuri ka tashi ƙarfe 4 ka yi kafin asuba.

Lokacin bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi yana haura digiri 40, ɗaki kuma ba ya hucewa sai tsakar dare. Ka watsa ruwa dab da kwanciya, ka buɗe tagogi, ka ɗaura gidan sauro. Mai kwana yana marin sauro bai yi barci ba ko da ya yi awa 8 a kwance.

Akwai waɗanda wannan tsari ba zai yiwu musu yadda yake ba: ɗalibar da ke goyo, mai aikin dare, mai zuwa daga gari mai nisa. Ke mai goyo, ki nemi awa 4 zuwa 5 a jere ba yankewa, ko da maigida ko wata 'yar'uwa za ta riƙe miki jaririn a farkon dare, sannan ki cike sauran da barcin rana na mataki na 5. Barcin da aka yi a jere ya fi wanda aka yi gutsi-gutsi, ko da jimillarsu ɗaya.

2. Ka tashi jiki da safe

Bayan asuba, in lakcarka ta ƙarfe 8 ce, kada ka koma ka kwanta na tsawon awa guda. Za ka nutse cikin barci mai nauyi, ƙararrawa ta fizgo ka daga tsakiyarsa, ka isa aji jiki a mace. In ka ga dole, minti 20 ya isa. Ka yi wanka, ka fita rana ta taɓa ka. Hasken safiya shi ne babbar alamar da ke gaya wa agogon jiki gari ya waye. In tsakanin ɗakinka da sashenku bai wuce tafiyar minti 15 ba, ka taka da ƙafa maimakon hawa adaidaita sahu.

3. Abin da za ka ci, da yadda za ka ci

Kada ka shiga lakcar safe da yunwa, kada kuma ka shiga da ciki dam. Koko da ƙosai, burodi da ƙwai, ɗan wake kaɗan, awara, alala: duk waɗannan suna riƙe ciki har azahar saboda wake da ƙwai ba sa saurin narkewa. Abin da ke yaudarar mutane shi ne shayi mai sukari cokali huɗu da farin burodi zalla, ko lemon kwalba da biskit. Za ka ji ƙarfi na ɗan lokaci, can wajen ƙarfe 10 kasala ta rufe ka.

Abincin rana shi ne babban tarko. Tsakanin ƙarfe 1 da 4 na rana jikin ɗan Adam yana yin sanyi da kansa, ko an ci abinci ko ba a ci ba. Idan ka ɗora masa malmalar tuwo biyu, ko faranti cike da shinkafa da mai da yaji, ko kwanon fura da nono mai sanyi, lakcar ƙarfe 2 ta riga ta kuɓuce maka. Fura abin so ce, amma ranar da kake da lakcar rana ka bar ta sai yamma. Ka ci rabin abin da ka saba ci, ka fifita mai wake, kamar garau-garau da ɗan salak, ka ajiye sauran cin sai an tashi. In yunwa ta motsa a tsakani, gyaɗa ko dabino uku sun isa su kai ka.

Ruwa kuma ka riƙa kurɓa a kai a kai, ba ka jira ƙishirwa ka shanye leda biyu a tashi ɗaya ba. Ƙarancin ruwa a jiki yana zuwa da ciwon kai da mutuwar jiki, kuma da hunturu ma yana faruwa, don iska ta bushe ga shi ba ka jin ƙishi. Ka duba launin fitsarinka: in ya yi duhu, ruwa bai isa ba.

4. Shayi, kofi da goro

Duk ukun wani sinadari mai suna kafeyin ne ke aiki a cikinsu. Ba ya share adenosin ɗin da ya taru, yana toshe hanyar da ƙwaƙwalwa ke jin sa ne na 'yan awanni, in ya sake ka kuma barcin ya dawo da ƙarfinsa. Yana fara aiki bayan minti 20 zuwa 30, don haka ka sha kafin ka shiga aji, ba bayan ido ya riga ya rufe ba. Kofin baƙin shayi yana ɗauke da kusan miligiram 40 zuwa 50, kofin kofi na gari kusan 60 zuwa 80. Hukumomin lafiya sun sa iyakar baligi mai lafiya a miligiram 400 a yini, mai juna biyu kuwa 200. Ba a ce ka kai iyakar ba. Kofi ɗaya da safe, wani da azahar in akwai lakcar rana, ya wadatar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne sha da yamma. Jiki yana ɗaukar kusan awa 5 kafin ya rage rabin kafeyin ɗin da aka sha. Wanda ya zauna wajen mai shayi ƙarfe 8 na dare ya sha mai kauri, ko ya zagaya da ataya har zagaye na uku, ƙarfe 1 na dare rabinsa yana nan a jininsa. Ba zai yi barcin kirki ba, gobe ya yi gyangyaɗi, ya ƙara shan wani. Ka tsayar da shi daga ƙarfe 2 ko 3 na rana.

Goro yana da sauƙin ɗauka, ɓari ɗaya ya isa, sai dai yana tayar wa mai gyambon ciki da ciwonsa, haka ma kofi a kan yunwa. Lemon ƙara kuzari na gwangwani kuwa kafeyin ne da sukari mai yawa. Kada ka haɗa shi da kofi ko da maganin ciwon kai mai kafeyin. In ka ji bugun zuciya ko rawar hannu, ka wuce gona da iri. Wanda kafeyin ba ya karɓarsa, ruwan sanyi da cingam mai na'ana'a suna ɗan taimakawa.

5. Kailula

Barcin rana sunna ce da muka gada, kuma binciken masana barci ya goyi bayansa. Sharaɗinsa gajarta. Bayan azahar ka sami wuri mai inuwa, barandar masallaci, ɗakin karatu, ko aji da babu kowa, ka saita ƙararrawa minti 20, ka ɗora kai. Ko barci bai ɗauke ka ba, rufe idon ya yi amfani. In ka wuce minti 30 ka shiga barci mai nauyi, za ka tashi ka fi da muni. In kana da sarari sosai, minti 90 shi ne zagaye cikakke, ana tashi daga gare shi garau. Kada ka yi shi bayan la'asar, zai ci maka na dare. Ka rungume jakarka, wayarka kuma a aljihun gaba.

6. Zaɓi wurin zama

Ka iso minti 10 kafin lokaci ka kama layi na biyu zuwa na biyar, wajen da kake ganin fuskar malami shi ma yake ganin taka. Sanin cewa ana kallonka kaɗai yana riƙe ido. Layin baya can sama shi ne inda zafi da numfashin jama'a ke taruwa, sauti ba ya isa sosai, kuma nan masu hira da masu barci ke haɗuwa. In ka makara gaba ta cika, ka nemi gefen taga ko kusa da ƙofa, inda iska ke shigowa kuma za ka iya fita ba tare da ka tsallaka mutum goma ba. A manyan kwasa-kwasan shekarar farko, inda wasu ke tsaye wasu a kan tagogi, ku haɗu ku uku ko huɗu kuna kama wa juna wuri bi da bi.

Zama kuma: bayanka a miƙe, tafin ƙafa biyu a ƙasa, littafi a gabanka. Kada ka yi tagumi, kada ka jingina kai da bango, kada ka zame a kujera. Da hunturu ka cire rigar sanyi in ka shiga, ɗumi mai daɗi ƙofar barci ne.

7. Ka ba hannu da ƙwaƙwalwa aiki

Nan ne ainihin aikin cikin aji yake. Kunne kaɗai ba ya iya riƙe mutum awa 2. Wanda ya zauna yana saurare kawai zai yi barci ko da ya ƙoshi da na dare, musamman in bai san inda maganar ta dosa ba.

Daren jiya ko da safe, ka ba kwas ɗin minti 10: ka duba abin da aka yi a lakcar da ta wuce, ka leƙa kan maganar da ke tafe a jadawalin kwas ko handawut, ka rubuta tambayoyi biyu a saman sabon shafi. Misali, in darasin tattalin arziki ne a kan hauhawar farashi, ka rubuta: me ya bambanta hauhawar da yawan buƙata ke jawowa da wadda tsadar samar da kaya ke jawowa? Wacce ce ta fi kama da abin da muke gani a kasuwa yanzu? Ka shiga aji kana farautar amsarsu.

Ka raba shafi yadda Walter Pauk na Jami'ar Cornell ta Amurka ya tsara a shekarun 1950. Ja layi daga sama zuwa ƙasa, ka bar kusan kashi ɗaya cikin uku a hagu, ka kuma bar layi biyar a ƙasan shafi. A ɓangaren dama mai faɗi kake rubuta abin da malami ke faɗi, a taƙaice, da kalmominka. A hagu, da jan biro, kake sa tambaya, alamar abin da ba ka gane ba, da abin da malami ya maimaita ko ya ce a lura da shi, don irinsu ne ke fitowa a jarrabawa. Layukan ƙasa na taƙaitawa ne bayan an tashi.

Kada ka yi ƙoƙarin rubuta kowace kalma. Mai magana yana furta kalma 120 zuwa 150 a minti, hannu kuwa da wuya ya wuce 30. Mai bin kalma-kalma zai gaji, ya sare, ya ajiye biro, daga nan sai barci. Zaɓen abin da ya cancanci rubutawa shi ne aikin da ke hana ƙwaƙwalwa kwanciya. Haka kuma ɗaukar hoton allo da waya ko naɗar muryar malami ba sa maye gurbin rubutu. Da ka san wayar na ɗauka, hankalinka ya sami izinin tafiya.

Akwai malamin da shifta kawai yake yi, yana karantawa kuna kwafa. Irin wannan ajin ya fi kowanne kawo barci, don hannu na tafiya ba tare da tunani ba. Maganinsa: duk sakin layi ɗaya da ka kwafa, ka sa kalma uku ko huɗu a gefen hagu da ke faɗin abin da yake nufi, da Hausa ma in ka so. Akwai kuma mai haska darasi a bango a kashe fitilu. Nan ka matsa kusa da taga, kada ka kwafi abin da ke bangon tunda za a ba ku, ka rubuta abin da yake ƙarawa da baki.

Ka ɗaura wa kanka yin tambaya ɗaya ko amsa ɗaya a kowace lakca. Ɗan faɗuwar gaban da ke zuwa kafin ka ɗaga hannu yana wartsakar da mutum fiye da kofin shayi. In kunya ta hana ka, ka rubuta tambayar ka tari malami a ƙofa. Sannan ka yanka awa biyun gida huɗu: duk minti 30 ka ja layi a shafi, ka rubuta lokaci, ka kurɓi ruwa, ka gyara zama.

8. Idan barcin ya zo duk da haka

Ka kama shi tun a alamun farko: hamma a jere, karanta layi ɗaya sau biyu, rubutu yana ƙanƙancewa yana gangarowa. In ka bari kai ya fara faɗuwa, ka makara. Ka bi su a jere, daga mai sauƙi. Kurɓi ruwa. Miƙe baya ka ja numfashi mai zurfi sau biyar. Ɗaga ido daga littafi ka kalli haske ta taga na ɗan lokaci. Matse tsokar cinya da ta ƙafa na daƙiƙa 10 ka saki, ka maimaita, ka motsa yatsun ƙafa cikin takalmi. Jefa cingam ko gyaɗa a baki. Jiƙa hankici ka goga a fuska da bayan wuya.

In duk ba su yi ba, ka tashi. Ka koma bayan aji ka tsaya kana rubutu a tsaye, ko ka nemi izini ka fita ka wanke fuska, ka yi alwala in ka so, ka taka da sauri zuwa ƙarshen baranda ka dawo. Minti 3 da ka rasa ya fi minti 40 da za ka yi kana layi a kujera. Wasu malamai ba sa son shige da fice, don haka ka san halin kowanne, in mai tsanani ne ka gaya masa tun kafin a fara. Ka kuma yi alkawari da na kusa da kai ya taɓa ka da zarar ya ga biro ya tsaya. Mintsinin kai da cizon leɓe ba sa wuce minti ɗaya suna aiki. Buɗe waya don a wartsake kuwa yana kore barcin, amma ya tafi da lakcar gaba ɗaya.

9. Lokacin azumi

Ruwa, shayi da cingam duk sun fita, sai a dogara da sauran. Ka kwanta da an idar da tarawihi, ka jinkirta sahur, ka ci mai riƙe ciki kamar wake, ƙwai, kunun gyaɗa da dabino, ka rarraba shan ruwa daga buɗa-baki zuwa sahur. Shayi mai kauri da buɗa-baki zai hana ka barcin farkon dare, wanda shi ne mafi tsawo da kake da shi. In ka saba da kofi kullum, ka fara rage shi mako guda kafin watan ya kama, don ciwon kan barinsa yana kama mutum a kwanakin farko. Kailula a wannan wata ba abin wasa ba ce, musamman a goman ƙarshe da ake tahajjud.

10. Inda dabara ta ƙare, sai asibiti

Ka duba magungunan da kake sha. Maganin mura da na ƙaiƙayi irin su Piriton, da wasu magungunan tari na ruwa, suna sa barci. Ka tambayi mai kemis ko likita ko akwai wanda ba ya sawa, ko a mayar maka da shi dare. Kada wani ya ba ka ƙwaya da sunan ta karatu. Tramadol da makamantansa suna kama mutum, suna jawo farfaɗiya, kuma na ga ɗalibai masu ƙwazo da suka bar makaranta ta wannan hanya. Maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin Najeriya ta hana sarrafawa da shigo da shi a 2018, barci ma yake ƙarawa.

In kana samun awa 7 zuwa 8 na tsawon mako biyu ko uku amma har yanzu barci na kayar da kai a aji, ka je asibitin makaranta. Ƙarancin jini yana yin haka, kuma ya fi yawa ga mata masu zubar jini da yawa lokacin al'ada. Shan shayi tare da abinci ma yana rage sinadarin ƙarfen da jiki ke tsotsa. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon sukari da damuwa mai tsanani duk suna zuwa da kasala. In 'yan ɗakinku suna cewa kana munshari mai ƙarfi har numfashinka na ɗaukewa, ko barci na fizgarka kana tsakiyar magana ko cin abinci, ka faɗa wa likita wannan ƙarara, kuma kada ka tuƙa babur ko mota kafin a duba ka. Ka tafi da takardar da ka rubuta lokacin kwanciyarka da na tashinka na waɗannan makonni, da yawan shayi ko kofi da kake sha, da sunan duk maganin da kake amfani da shi.